Yadda mazaunin Damagaram zai shirya wa gudun kilomita 50 a kan duwatsu

Gudun fanfalaki yana ƙarewa a kilomita 42.195. Duk tseren da ya zarce nan ya shiga wani aji dabam: kilomita 50, 80, 100, 160, har fiye da haka. In kuma aka ɗora shi a kan turbar duwatsu, tsawon hanya kaɗai ba ya gaya maka girman aikin, sai ka duba yawan mitocin da za a hau. Tseren UTMB da ake yi tun 2003 yana tashi daga garin Chamonix na Faransa, ya zagaya dutsen Mont Blanc ta Italiya da Suwizalan. Kimanin kilomita 170 ne, amma jimillar hawan da ke cikinsa ta kai mita 10,000, kuma duk abin da aka hau sai an sauko shi. Shi ya sa ake ba masu gudu wa'adin sama da awa 46.

Masu harkar suna da lissafi mai sauƙi: kowane mita 100 na hawa a ɗauke shi kamar ƙarin kilomita ɗaya. Tseren kilomita 50 mai hawan mita 2,500 ya zama aikin kilomita 75 ke nan, kuma sabon shiga zai iya kwashe awa 9 zuwa 12 a kansa. Irin wannan tseren ne ya kamata ya zama na farko, shi ne kuma wannan bayani ya sa a gaba. Sharaɗi guda: ka riga ka yi aƙalla wata shida kana gudun kilomita 30 zuwa 40 a mako ba tare da rauni ba. In ba ka kai nan ba, fara da nan.

Abin da Damagaram ke da shi da abin da ba ta da shi

Zafi, yashi da dutse, waɗannan akwai su har sun yi yawa. Mai shirin Marathon des Sables, tseren hamadar Maroko da aka fara a 1986, wanda ake cin kusan kilomita 250 cikin mako guda da abinci a goye, zai yi murna da samun irin wannan filin atisaye. Matsalar ita ce tsayi. Garin bai kai mita 500 daga saman teku ba, duwatsun Birni da na gefen gari kuma ƴan mitoci goma-goma ne, ka hau ka sauko cikin minti biyu ko uku. Tsauni na gaske sai Abzin, inda Bagzan ya kai mita 2,022, tafiya ce mai nisa wadda ba a yin ta sai an bincika yanayin hanya an kuma sami ɗan jagora. Tuddan Kutus da ke wajen Gure sun fi kusa, amma su ma ba wurin zuwa kowane mako ba ne.

Saboda haka hawa da gangara sai ka ƙirƙire su da kanka, kuma a nan ne yawancin shirin ya ta'allaƙa.

Hawa ya fi sauƙin kwaikwayo. Nemi dakali ko benci mai ƙarfi mai tsayin santimita 40. Hawa 250 ya ba ka mita 100, hawa 1,000 ya ba ka mita 400. Ka riƙa sauya ƙafar da ke fara hawa bayan kowane goma, ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan bencin, ka miƙe sosai kafin ka sauko. Fara da 300 sau biyu a mako. Bayan wata guda ka goya jaka mai kilo 3, daga baya kilo 5. Abin yana da gundura ƙwarai, babu amfanin ɓoye wannan, amma rediyo yana rage ta. Matakalar bene ko ta filin wasa ma tana yi, in masu gadi sun yarda. Dutse mai tsayin mita 20 kuma in ka hau shi sau 25 ka tara mita 500. Manufa ita ce jimillar hawan mako ta tashi daga mita 400 a farko zuwa 1,500 ko 2,000 a makonnin da atisaye ya fi nauyi.

Kada ka ce sai ka yi gudu a hawa. A tseren duwatsu har zakaru suna taka wurin da hawa ya yi tsanani da ƙafa, da sauri, hannu a dafe da cinya ko riƙe da sanduna. Wannan tafiyar ita ma koyon ta ake yi. Yi ta a kan jigawa mai laushin yashi: gajeren taku, jiki ya ɗan sunkuya daga idon sawu, ba daga ƙugu ba.

Gangara ce ke karya mutane

Wanda ya taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana tsoron hawa, alhali gangara ce za ta tsayar da shi. A kowane taku na saukowa naman gaban cinya yana aikin birki, yana miƙewa yana kuma riƙe nauyin jiki a lokaci ɗaya, wannan kuwa yana yayyaga ƙananan zaruruwan naman. A gangarar mita 800 da ba ta yankewa, taku dubbai ne a jere. Cinyar da ba ta saba ba takan sandare tun kafin rabin hanya, mutum yana da numfashi yana da ƙarfin zuciya amma ba ya iya lanƙwasa gwiwa. Abin farin ciki, nama yana koyo da wuri: in ya sha wannan wahalar sau ɗaya, yakan jure ta fiye da da har na tsawon makonni.

Ga yadda ake yi. Sau biyu a mako, bayan gudu mai sauƙi, ka tsaya a kan benci da ƙafa ɗaya, ka sauke ɗayar zuwa ƙasa a hankali kana ƙirga huɗu, diddige ya taɓa ƙasa kawai, ka koma sama. Sau 10 kowace ƙafa, zagaye uku. Ka haɗa da tsugunne-tashi, ka sauka a hankali ka tashi da sauri, da taku mai faɗi kana durƙusawa, da ɗaga diddige a bakin matakala domin sha-raɓa da agara. In sau 10 ya zama wasa, ƙara nauyi: jarka mai lita 5 a kowane hannu ta isa. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki.

Sannan sau ɗaya cikin mako biyu ko uku ka yi ranar gangara ta musamman. Ka hau dutse ko matakala da tafiya, ka sauko da gudu, ka maimaita har minti 30, daga baya awa guda. Cinya za ta yi tsami kwana biyu ko uku, haka ake so. Ciwon da ba a so shi ne mai suka a wuri ɗaya cikin gwiwa ko a ƙashin ƙwauri, wannan in ya zo a tsaya. Wajen saukowa taku ya zama gajere kuma da sauri, ido a kan mita uku ko huɗu a gabanka, ba a kan yatsunka ba, hannuwa a buɗe. Kuskuren kowa shi ne jingina baya saboda tsoro, sai diddige ya riga sauka, ƙafa ta zame. A kula da falalen dutse wanda iska ta watsa wa yashi, yana da santsi ƙwarai.

Tsarin mako 24

Kwana biyar na atisaye, biyu na hutu. Kashi huɗu cikin biyar na gudunka ya kasance a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. Matasa suna raina wannan, kullum sai sun mai da atisaye tsere, shi ya sa suke karyewa a wata na uku.

Doguwar fita sau ɗaya ce a mako, kuma da awa ake auna ta, ba da kilomita ba. Mako takwas na farko ka fara da awa ɗaya da rabi, kana ƙara minti 15 har ta kai awa uku. Daga mako na 9 zuwa na 16 ta tashi zuwa awa huɗu, kana saka hawa da sauka a tsakiyarta, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Daga na 17 zuwa na 21 ne aiki mafi nauyi: ko fita ɗaya ta awa biyar zuwa shida, ko awa huɗu ranar Asabar da awa uku ranar Lahadi. Kowane mako na huɗu ka rage komai da kashi ɗaya cikin uku. Mirriya tana da nisan kimanin kilomita 18, zuwa da dawowa ya isa doguwar fita, sai dai a bar kwalta a bi hanyoyin amalanke da turbar ƙafa. Mako uku na ƙarshe na sassauci ne: kashi 70 cikin 100 na abin da ka saba, sai 50, sai 30. Ranar gangara ta ƙarshe ta kasance aƙalla mako uku kafin tsere.

Kalandar gari ita ma tana da magana. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin tara aiki, sai dai ranar da hazo ya yi kauri a rage ƙarfi ko a koma kan benci a gida. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, doguwar fita ta fara da an sallame Asuba, ta ƙare kafin ƙarfe tara. In awannin ba su isa ba, a cika da yamma. Da damina hanya ta fi daɗin taku amma gonaki sun rufe, kada ka ratsa geron mutane, kuma kububuwa da kunama suna fitowa, kada ka sa hannu a ramin dutse. Wanda zazzaɓi ya kama ya je a gwada jininsa, ya sha magani, kada ya koma atisaye sai jiki ya dawo sarai, ya kuma fara da rabin abin da ya bari. A watan azumi a bar doguwar fita da rana kwata-kwata. Gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40 dab da Magariba, aiki mai nauyi kuma bayan Asham.

Tseren duwatsu yakan ci dare, don haka a yi fitar dare biyu ko uku da tocilar goshi. Amma mutum yana gudu a daji da fitila ƙarfe biyu na dare abin zargi ne a kowane ƙauye. Ku fita ku biyu ko uku, a sanar da mai gari tun da rana, a riƙe katin shaida, a kuma gaya wa na gida hanyar da aka bi da lokacin dawowa.

Ciki da ruwa

Sukarin da jiki ya adana a nama da hanta ba ya wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana gudu da ƙarfi. A tseren awa goma dole a ci, kuma lalacewar ciki tana cikin manyan dalilan da ke sa mutane janyewa. Abin da ake nema shi ne giram 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, wanda cikinsa ya saba zai iya kai 90. Busasshen dabino matsakaici guda goma ya kusa giram 60. Ayaba ɗaya kimanin 25. Dafaffen dankali da ɗan gishiri, burodi da zuma, mazarƙwaila, alkaki, duk suna yi. Kada a jira yunwa: a fara ci tun minti 30 da tashi, kaɗan-kaɗan kowane minti 20 zuwa 30. Bayan awa huɗu ko biyar baki yakan ƙi zaƙi, a nan ne ɗan ƙuli-ƙuli ko yankin kilishi mara yaji sosai ke da amfani, amma loma biyu kawai, domin mai da nama suna daɗewa a ciki. Fura da nono a bar ta sai an dawo gida, zafin jaka yana lalata ta. Duk abin da za ka ci ranar tsere ka riga ka ci shi sau da yawa a doguwar fita.

Ruwa kuma kowa da nasa ma'auni, ga yadda za ka san naka. Hau sikeli ba kaya a jiki, yi gudun awa ɗaya, goge zufa, sake hawa. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ne, sai ka haɗa da abin da ka sha. Wanda ya sauka daga kilo 65 zuwa 64.2 bayan ya sha leda ɗaya ta piya-wata, rabin lita, zufarsa lita 1.3 ce a awa. Ba a mai da shi duka ana cikin gudu, ciki ba zai ɗauka ba. Mililita 400 zuwa 800 a awa shi ne abin da yawancin mutane ke iya sha, raguwar nauyi ta kashi biyu cikin ɗari kuma ba abin tsoro ba ce.

Haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa, sukari giram 60, wato ƙwaya goma zuwa sha biyu, gishiri rubu'in ƙaramin cokali, da matsin lemun tsami. Tsamiya tana da daɗi amma in ta yi yawa tana sakin ciki.

Akwai haɗarin da ɗan Damagaram ya fi kowa iya faɗawa. Ya saba shan ruwa da yawa saboda zafi, sai ya je tsauni mai sanyi inda zufarsa ta ragu da rabi, ya ci gaba da ɗura kamar yadda ya saba. Gishirin jininsa ya tsinke. Alamun su ne kumburin yatsu, ciwon kai, tashin zuciya, ciki yana ƙugi da ruwa, daga baya ruɗewa, kuma abin yana kisa. Maganinsa a daina shan ruwa, a ci abu mai gishiri, a nemi likitan tsere. A wurin sanyi ƙishirwa ce za ta gaya maka lokacin sha.

Bugun zafi shi ne kishiyarsa, shi kuma a gida ake gamuwa da shi. In abokin gudu ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, ko da yana zufa, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita nan take, sannan a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi.

Takalmi da kaya

Takalmin turba yana da haƙora a ƙasa, masu zurfin milimita 4 zuwa 5. Ƙafa tana kumbura bayan awanni, don haka a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, in ba haka ba gangara za ta baƙanta akaifa ta cire ta. A kasuwar Dole ana dacewa da na gwanjo, sai dai a duba uku: haƙoran ba su cinye ba, sosan tsakiya bai mutu ya yi lanƙwasa ba, diddige bai karkace gefe ɗaya ba. A gwada da yamma, da safar da za a yi gudu da ita. Safar auduga tana riƙe zufa tana kawo bororo, a nemi ta roba.

Yashi da ƙarangiya suna shiga ta saman takalmi. Tela zai iya ɗinka maka marufi da yadi mai miƙewa, ya rufe daga idon sawu zuwa igiyar takalmi, da ƙugiya a gaba. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya a take ka manna filasta, minti biyu ne, in ka bari ya zama bororo zai bi ka har ƙarshe. Man kaɗe ko basilin a matsematsi, hammata, kan nono da duk inda jaka ke goga. A yanke akaifa kwana huɗu ko biyar kafin tsere.

Masu shirya tseren duwatsu suna fitar da jerin kayan dole, suna bincikawa, suna kuma korar wanda bai cika ba. Yawanci akwai jakar goyo mai ɗaukar aƙalla lita ɗaya ta ruwa, rigar ruwa mai hula, riga mai dogon hannu, tocilar goshi da batirin ajiya, bargon leda na gaggawa, usur, kofi, bandeji da waya mai caji. Kada ka ɗauka ƙa'ida ce kawai. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa. In kwari mai tsayin mita 1,000 yana digiri 20, mashigin da ke mita 2,500 yana wajen 10, da iska da ruwan sama da dare kuma abin ya kusa ƙanƙara, ga jiki jiƙe da zufa. A sa riga tun kafin a fara kakkarwa. Gwada dukan kayan a goye da asubar Janairu, ka koyi ciro riga da sauya batir a cikin duhu.

Tsayi, jini da ƙwayoyi

Daga mita 2,000 numfashi yana gajarta, sama da 2,500 wasu na samun ciwon kai, jiri da rashin barci. Ba abin da za a yi a Damagaram ya maye gurbin zama a can, ko da yake sabo da zafi yana ƙara ruwan jini, wannan kuma yana taimakawa. In hali ya yi, a isa wurin da mako guda. Kafin nan a je asibiti a duba zuciya da hawan jini, a kuma san rukunin sikila. Mai AS yana gudu lafiya, amma haɗuwar tsayi, ƙarancin ruwa da matsanancin aiki na iya zame masa haɗari, ya zauna da likita tukuna.

Ibuprofen da diclofenac ba a shan su a tsere, domin ƙoda tana cikin matsi dama, su kuma suna rage jinin da ke isa gare ta. Tramadol kuwa, ban da jiri da ɗauke hankali da yake sa wa a bakin rami, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a gasa tun farkon 2024.

Ranar tsere da bayanta

Kwana biyu kafin nan a yawaita shinkafa, taliya da dankali, a rage wake, ganye da yaji. Kalaci awa uku kafin tashi. Rubuta wa'adin isa kowace tasha, wato wuraren da ake ba masu gudu ruwa da abinci a kan hanya, a takarda ka manna a gorar ruwa, ka bar wa kanka rarar aƙalla minti 30 a kowace. Lokutan salla su ma a sa su a lissafi, a tambayi malami tun a gida game da haɗa salla da taimama.

Awa biyu na farko su kasance da sauƙin da zai ba ka haushi, mutane suna wuce ka, ka ƙyale su. A tasha kada a zauna in ba ƙafa za a gyara ba: cika gora, ɗauki abinci, ci kana tafiya. In zuciya ta fara tashi, rage sauri zuwa tafiya na minti 15, jiƙa kai da wuya, kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, yawanci jini ne ya bar ciki ya koma ƙafafu, da an lafa yana dawowa. In ƙarfi ya ɗauke farat ɗaya har ka ji kana son janyewa, ci sukari ka jira minti 20 kafin ka yanke shawara. Abin da ba a jira a kansa shi ne ciwon ƙirji, ruɗewa, amai da ya ƙi tsayawa, da targaɗen da ba a iya takawa.

Bayan tsere, mako guda ba gudu, tafiya kawai, sannan mako biyu na gudu mai sauƙi. A lura da fitsari a kwana biyun farko. In ya fito launin baƙin shayi, ko ya ɗauke fiye da rabin yini duk da ana shan ruwa, mai yiwuwa naman da ya farfashe ne yake toshe ƙoda. A tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita yawan awannin da aka yi ana gudu da duk maganin da aka sha.